A Cire Ko a Tura Baya? Gardamar Turmin Haƙori da Turkensa

Gardamar da ta raba kan gidan yayata a Kafanchan a kan haƙora huɗu ce. 'Yarta ta biyu, mai shekara 13, haƙoranta na gaba sun turo sama da ƙasa, har leɓɓanta ba sa haɗuwa sai ta matse su da gangan. Ga fiƙa guda ta sama da ta rasa wuri, ta ɓullo ta saman dasashi kamar mai leƙen katanga. Da can yarinya ce mai surutu, amma tun da ta shiga sakandare 'yan ajinsu suka laƙa mata suna, ta koma dariya da hannu a baki. Likitan haƙorin da suka fara gani a gari ya duba ya ce babu ruɓa ko ɗaya, sai dai jera haƙora aikin ƙwararru ne, su nufi Jos ko Abuja ko Kaduna. Wuri biyu suka je, domin uban yaran malamin makaranta ne, ba ya sayen kaya a rumfar farko.

Ƙwararre na farko ya ɗauki hoton ƙashin fuska, ya yi awo, ya ce a cire haƙora huɗu, biyu sama biyu ƙasa, daga ƙananan turamen da ke bin bayan fiƙa, sannan a ja na gaba su koma cikin filin da aka samu. Na biyu ya ce ana iya barin su, a tura manyan turame can baya, sauran su bi su sannu a hankali. Yayata ta riƙe maganar na biyu kam. “Haƙori lafiyayye, ba tsutsa ba ciwo, a ce a fige har huɗu? Baban yara, in kai ne ka yarda?” Shi kuwa takarda ya jawo yana lissafin kuɗin mota. Da suka gaji suka aika a kira ni, wai ni mai karance-karance in raba su. Ni ba likita ba ne. Amma da na bi diddigin maganar sai na tarar likitocin kansu sun fi shekara 100 suna wannan ja-in-ja.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani mai zaruruwa, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. In aka matsa haƙori da ɗan ƙarfi marar yankewa, ƙashin da ke gabansa yakan riƙa narkewa, na bayansa yana ginuwa, haƙorin ya yi ta rarrafe kimanin milimita ɗaya a wata. Sirrin wayar da ake sa wa haƙora don jera su ke nan. Ƙarfin da ya wuce kima ba ya ƙara sauri, danne hanyoyin jini yake yi, aikin ya tsaya, wani lokaci ma saiwar ta zaizaye.

Wahalar tana wajen inda za a ɗaura. Duk wanda ya taɓa ɗaure bunsuru a turken da bai nutse ba ya san yadda ake ƙarewa: a wayi gari ga bunsuru a gonar maƙwabci yana jan turkensa. Wayar da ke jan haƙoran gaba zuwa baya, da wannan ƙarfin daidai take jan na baya zuwa gaba, dokar Newton ta uku ce da ake koya wa 'yan sakandare. Likita yakan mai da babban turmi na farko turkensa, don shi ne mai saiwa uku a sama, biyu a ƙasa, ya fi sauran zama daram. Amma shi ma haƙori ne, in an ja shi tafiya yake yi. Da zarar turke ya biyo, filin da aka sha wuya aka samu ya cike ta baya, haƙoran gaba suna nan inda aka same su. Kusan duk na'urorin wannan fanni an ƙirƙiro su ne saboda tambaya guda: me zai riƙe turke?

Edward Angle, Ba'amurken da ake ɗauka uban fannin, ya fitar da tsarin rarraba karkacewar haƙora a 1899, wanda har gobe ake aiki da shi, kuma ya gina shi ne kan yadda babban turmi na farko na sama ke zama a kan na ƙasa. Angle ya tsufa yana ƙin cire haƙori. A ganinsa in an jera su daidai, ƙashi zai bi su ya wadace su. A 1911 Calvin Case na Chicago ya tashi a taron likitocin haƙori ya ce akwai bakin da ba zai iya ɗaukar haƙoransa duka ba, almajiran Angle irin su Martin Dewey suka yi masa ca, kuma su suka yi rinjaye a lokacin. Sai ga wani almajirin Angle ɗin, Charles Tweed, ya koma ya duba mutanen da ya yi wa aiki bisa koyarwar malaminsa, ya tarar da yawa bakinsu ya ƙara turowa, haƙoran kuma sun sake cakuɗewa. Ya sake musu aikin, wannan karon da cire ƙananan turame huɗu, ya kai bayanan mutum 100 gaban 'yan uwansa likitoci a 1940. Iska ta juya, a shekarun 1950 da 1960 cirewa ta zama ruwan dare a Amurka. Daga baya ta sake juyawa, aka fara ƙorafin an bar wasu fuskoki a lotse. Yayata ba ta taɓa jin sunan Angle ba, amma a sahunsa take tsaye.

Hujjar masu cewa a tura baya tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Ta farko ita ce wadda uwa ta faɗa: abin da aka cire ba ya dawowa. In aka fara da turawa aka ga ba ta isa ba, ƙofar cirewa a buɗe take, in kuwa da cirewa aka fara, bakin alƙalami ya bushe. Maganar ta fi nauyi a wurinmu. Mutumin Zonkwa ko Gidan Waya da ya rasa turmi yana da shekara 40 ba dashen haƙori zai tafi yi ba, da sauran zai ci gaba da tauna masara da goro, to don me za a rage masa jari tun yana yaro? Sai kuma fuska. In aka ja haƙoran gaba baya fiye da kima, leɓe yakan bi su ya faɗa, hanci da haɓa su fito, yarinya ta yi kamar ta girmi shekarunta. Ma'aunan da ke cikin tsofaffin littattafan fannin a jikin Turawa aka ɗauke su, alhali cikar leɓe da ɗan turowar haƙori halitta ce a yawancinmu. Wushiryar da littafin Bature ke lissafawa cikin abin gyara, a nan ado ce. Likitan da ya ɗora wancan ma'auni a fuskar 'yar Kagoro ido rufe zai cire haƙoran da ba su yi laifin komai ba.

Kayan tura turame baya kuwa sun daɗe. Mafi tsufa shi ne wanda zan kira ragama: ƙarfe mai lanƙwasa da ake zurawa cikin zoben da aka sa wa turame, a ɗaure shi da maɗauri ta ƙeya ko ta wuya. Silas Kloehn ya farfaɗo da shi a 1947. Hikimarsa ita ce turken yana wajen baki ɗungurungum, ƙeya ba ta matsawa, don haka haƙoran gaba ba sa biyan komai. Aibinsa, sai an sa shi awa 12 zuwa 14 kullum. Ku ƙaddara yarinyar da ake tsokana kan haƙoranta, a ce ta kwana a ɗakin kwanan makaranta da linzami a baki cikin zafin watan Maris. A ƙasan akwati zai ƙare. In kuma ya kuɓuce da dare ƙarfen na iya sokar ido, abin da ya sa ake yi masa makulli na musamman.

Don a huta da lallashin yaro, a 1992 James Hilgers ya fito da na'urar da ake kafawa a ganda, wato rufin baki: faifan roba mai tauri ya kwanta a can, wayoyi biyu masu tsalle suna tura turame baya kamar lilo, shi ya sa ake kiranta Pendulum. A 1996 Carano da Testa na Italiya suka kawo Distal Jet, mai sifirin a jikin bututu. Yaro ba ya iya cire su, dare da rana suna aiki, cikin wata huɗu zuwa shida turmi ya matsa milimita 3 zuwa 5.

A nan masu cewa a cire suke shigowa, kuma da awo a hannu suke shigowa. Sun ce a ɗauki hoton ƙashi bayan watannin nan a gani. Turmin ya matsa, amma sau da yawa kansa ne ya kwanta baya, saiwar ba ta yi nisa da inda take ba, kamar turken da aka tura da ƙafa. Haƙorin da ya kwanta yana son miƙewa, in ya miƙe ya karɓe wani abu daga filin. Sannan ganda nama ce a kan ƙashi, ba ta riƙe faifan nan yadda ake so. Abin da ke tura turmi baya yana tura ƙananan turame da haƙoran gaba zuwa gaba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ake murna da shi, wani lokaci fiye, daga gaba aka ranto shi. Ga yaron da haƙoransa na gaba suke tsaye, bashi ne da za a iya biya daga baya. Ga 'yar yayata, wadda turowar ce ta kai ta asibiti, ƙara wa Barno dawaki ne.

Sai lissafin fili. Faɗin ƙaramin turmi kimanin milimita 7 ne. Cire ɗaya a kowane gefe ya ba da 14 a muƙamuƙi guda, kuma a daidai inda ake buƙata, gab da fiƙa. Turawa baya, bayan an cire abin da ya kwanta da abin da aka ranto, da wuya ta wuce rabin haka, kuma a can ƙurya, sai an kwaso filin haƙori bayan haƙori an kawo shi gaba. A muƙamuƙin ƙasa abin ya fi wuya, ƙashin ya fi tauri, bayan turame kuma bango ne. Ina ma za a tura su? Babban turmi na biyu yana fitowa wajen shekara 12, na uku, da ake kira haƙorin hankali, yana kwance cikin ƙashi a bayansa yana jiran shekara 17 zuwa 25. Benci ne da ya cika, in ka matsa na tsakiya sai na ƙarshe ya faɗi ko ya maƙale. Shi ya sa likitocin da ke tura turame a bakin manya sukan fara da cire haƙorin hankali. Da na gaya wa yayata haka sai ta yi jim, ta ce, “Ashe ko ta ina sai an cire.” Ba kullum ba, Yaya, na ce mata, amma alkawarin ba za a taɓa ko ɗaya ba yana da “sai dai” a bayansa. Ga wani abu kuma: turmin da aka tura baya yana shiga inda muƙamuƙai suka fi matsewa, kamar tsinken da aka cusa a gindin almakashi, sai cizon gaba ya buɗe. Yaro mai doguwar fuska, ko wanda haƙoran gabansa da ma ba sa haɗuwa, wannan hanya ƙara masa ciwo take yi.

Masu cirewa su ma ba su tsira daga matsalar turke ba, kuma wannan ne ba a cika gaya wa iyaye ba. Milimita 7 ɗin nan ba a rubuta sunan haƙoran gaba a kai ba. In ba a tsare turmi ba yana iya cinye sulusi ko rabin filin. Don haka ake ɗaure turamen sama biyu da waya mai ƙetare ganda, ko a sa faifan da Hays Nance ya bayyana a 1947, ko a koma ga ragamar nan da yara ke gudu. Duk suna ragewa, babu mai hanawa gaba ɗaya. Mafi munin abin da zai sami yaro a wannan fanni shi ne a cire masa haƙora huɗu, turame su zamo su cike gurbin, a kwance waya bakinsa yana nan a ture. Ba tsuntsu ba tarko.

Abin da ya girgiza muhawarar ɗan sukuru ne. A 1997 Ryuzo Kanomi na Japan ya bayyana sukurun titaniyom mai kaurin milimita 1.2 da ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi a ja haƙori daga jikinsa, likitocin Koriya ta Kudu suka ɗauka suka yaɗa shi duniya. Irin waɗanda aka fi sa wa a yau kaurinsu bai wuce milimita 2 ba, tsawonsu 6 zuwa 12. Ana kashe wurin da allura, a kafa shi cikin 'yan mintuna, in an gama aiki a warware shi ramin ya cike da kansa. An sami turke cikin baki wanda ba haƙori ba ke nan. Kowane ɓangare ya ce nasara tasa ce. Masu turawa suka ce yanzu za su tura jerin haƙora gaba ɗaya ba tare da na gaba sun biya ba, kuma gaskiya suka faɗa. Masu cirewa suka ce yanzu milimita 7 ɗin kusan duka na haƙoran gaba ne, su ma ba su yi ƙarya ba. Abin da sukuru bai iya ba shi ne ƙera ƙashi a inda babu. Bangon bayan muƙamuƙi yana nan inda Allah ya ajiye shi.

Sukurun kuma yana da halinsa. Kimanin ɗaya cikin bakwai ko takwas yakan yi sako-sako kafin a gama, abin ya fi yawa a yaran da ƙashinsu bai gama tauri ba da bakin da ba a wankewa sosai. In an kafa shi ba tare da hoto mai kyau ba yana iya taɓa saiwar haƙori. In ya saki a Seoul, yaro ya hau jirgin ƙasa ya je a sake masa da yamma. In ya saki a Kafanchan fa?

Nan takardar mijin yayata ta shigo, kuma a ganina a wannan yanki ta fi hujjojin likitocin duka nauyi. Aikin waya yakan ci wata 18 zuwa 30, ana komawa duk mako huɗu zuwa takwas. A ce shekara biyu, duk mako shida, zuwa 17 ke nan, ban da na gaggawa in waya ta ɓalle ta soki kumatu. Kowane zuwa mutum biyu ne, don ba a sakin yarinya ita kaɗai ta bi ta Kagoro da Manchok da Ganawuri zuwa Jos, ko ta Kwoi da Keffi zuwa Abuja. Ranar makaranta ta tafi, ranar aiki ta tafi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A daminar 2023 ɗin kuma cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, gidaje da yawa da citta ce asusunsu na irin wannan hidima suka wayi gari hannu rabbana. Kuɗin aikin kansa maganar dubban ɗaruruwan naira ake yi, wani wuri ya haura miliyan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024. Kafanchan, mahaɗar da layukan dogo na Fatakwal da Kaduna da Jos suka haɗu tun shekarun 1920, yau mai zuwa asibiti a tasha yake zama yana jiran mota ta cika. Ga ranakun da hanya ba ta biyuwa saboda tsaro ko dokar hana fita.

Saboda haka akwai tambayar da ba ta dami Angle ko Tweed ba amma ta dame mu: wace hanya ce ta fi jure fashin zuwa asibiti? In an cire haƙora huɗu, kuɗi suka yanke a wata na takwas, yarinya ta tashi da giɓi huɗu, maƙwabtan giɓin suna kwantawa ciki. Babbar hujja ce ga yayata, kuma na ba ta ita. Amma na'urar turawa da aka bari ita ma ba ta san an daina zuwa ba. Wayar Pendulum tana ci gaba da turawa, turmi yana ƙara kwanciya, faifan yana nutsewa cikin ganda, abinci na taruwa ƙarƙashinsa har wurin ya kumbura. Turawa baya kuma aiki ne hawa-hawa, a tura turame, a tsare su kada su dawo, sannan a kwaso sauran, shi ya sa ba ta cika fin cirewa sauri ba. Kowacce aka bi ma, ranar kwance waya ba ita ce ƙarshe ba. Robert Little da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke Seattle sun bi mutane shekaru da dama bayan an gama musu aiki, suka ga haƙoran gaba na ƙasa sukan sake cunkushewa a mafi yawansu, an cire ko ba a cire ba. Mariƙin da ake sa wa da dare, ko siririyar wayar da ake mannawa ta bayan haƙora, aboki ne na shekaru.

Bari in ɗan ratse, don akwai turmin da ya fi na 'yar yayata damuna. Babban turmi na farko yana fitowa ne yaro na da shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye da yawa na famfara suke ɗaukarsa. Ya sha alawa da biskit da lemon kwalba ya ruɓe, a ce bar shi, zai faɗi wani ya fito. Ba wanda zai fito. Yaro ya kai 12 ko 13, ciwo ya hana barci, a je a fige. Daga nan na bayansa ya kwanto cikin gurbin, na samansa ya zubo don ba abin da ya tare shi. Miƙar da turmi na biyu ko jawo shi gaba ya cike gurbin na cikin ayyuka mafi wuya a fannin, musamman a ƙasa, yana iya cin fiye da shekara ko da sukuru. Alhali in likita ya ga turmin ba zai rayu ba tun yaro na tsakanin 8 da 10, ya duba hoto ya cire a kan kari, na biyun yakan taho da kansa ya zauna kusa da gurbin, ba waya ba sukuru. Ciko da wuri kuwa, wanda likitan haƙori na gari ke yi a zama ɗaya, ya fi duka araha. Ina da yaƙinin yaran da wannan ya shafa a kudancin Kaduna sun ninka masu neman waya nesa ba kusa ba. Sai kuma 'yan matan da ke sayen wayar ado a intanet wani mai shago ya manna musu, ko su ɗaura roba don rufe wushirya. Robar nan tana iya zamewa ƙarƙashin dasashi ta ci ƙashi har haƙori ya fita da saiwarsa.

To ni ina na tsaya? Turawa baya tana da gidanta: yaron da muƙamuƙinsa na ƙasa yake lafiya, cunkoson a sama ne kawai, abin da ake nema bai wuce milimita 3 ko 4 a kowane gefe ba, leɓensa yana rufuwa ba da wahala ba, turmi na biyu bai gama fitowa ba. Cire wa irin wannan yaro haƙora huɗu ɓarna ce, ko wane ne ya ce a yi. Amma bakin da ya turo sama da ƙasa har leɓe ba ya haɗuwa, ga fiƙa a waje, buƙatarsa ta fi abin da bayan muƙamuƙi zai iya bayarwa. A can bayan Tweed nake, da sharaɗi biyu: a tsare turke da gaske, in da hali da sukuru, kuma a daina ja a inda fuskar yarinya ta yi daidai da ta danginta.

Na ce wa yayata ta koma wurin likitocin biyu ta tambaye su milimita nawa suke nema, daga ina zai fito, me zai riƙe turke, kuma in hanya ta hana su zuwa wata uku me za su tarar a bakin yarinya. Likitan da ya san aikinsa zai ɗauko hoto ya nuna mata da yatsa. Sun koma. Abin da suka yanke shi ne su bi na farko, amma ba za a taɓa haƙori ko ɗaya ba sai kuɗin aikin da na mota sun taru a hannu, ko da hakan zai kai su bayan girbi biyu. Turowar haƙori ba ta kisa, kuma wannan jiran ba ya rufe mata ƙofar gyara. Ita mai bakin ba wanda ya tambaye ta sai daga ƙarshe. Ta ce, “Kawu, ni dai in iya rufe bakina ba sai na tuna ba.”

A 2025 gwamnatin tarayya ta karɓi asibitin tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan ta mai da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Jami'ar Jos tana da tsangayar koyar da likitancin haƙori, ga kuma ƙwararru a Abuja da Kano. Ba sai an jira ranar da za a sami ƙwararren da zai tare a garin ba. Na'urar hoton muƙamuƙi, kujera ɗaya, da ƙwararren da zai riƙa zuwa kwana ɗaya ko biyu a wata, likitocin haƙori na asibitin suna kula da ƙananan gyare-gyare tsakanin zuwansa, sun isa su mai da tafiya 17 zuwa Jos ta koma hawan acaɓa cikin gari. Wannan ne roƙona ga shugabannin sabuwar cibiyar da 'yan majalisar da ke wakiltar kudancin Kaduna.